Me ke samun jikin mutum in ya rasa nauyi a sararin sama?

In kuka jefa dutse sama, ƙasa yake dawowa. Ƙasa ce ke jawo shi. Wannan jan shi ke ba kowane abu nauyi. Cikinsa aka haife mu, kuma jikinmu ya saba da shi.

Tun 1961 mutane ke zuwa sararin sama. Na farko shi ne Yuri Gagarin, mutumin Rasha. Tun shekarar 2000 akwai mutane zaune cikin wata babbar tasha mai kewaya duniya. Nisanta daga ƙasa wajen kilomita 400 ne, kusan tsawon hanyar Birnin Ƙonni zuwa Yamai.

A can mutum ba ya jin nauyi. Ku tuna da gugan da igiyarsa ta tsinke. In da dutse a ciki, ba ya danna gindin gugan, don tare suke faɗuwa. Haka tashar da mutanenta suke faɗuwa tare, amma tsananin gudu ya sa suna zagaya duniya ba su taɓa ta ba.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu. Kowace da aikinta. To, me ke samunsu a can?

Ƙashi. Ƙashi kamar katangar gida yake. Wasu ƙwayoyi suna kankare tsoho, wasu suna yaɓa sabo. In babu nauyi, masu yaɓe sai su rage aiki, masu kankara kuwa su ci gaba. Ƙashin ƙugu yakan rasa wajen kashi 1 cikin 100 kowane wata. Tsoka ma tana ramewa.

Jan jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ke kai iska ko'ina cikin jiki. A duniya jiki yana kashe miliyan 2 kowace daƙiƙa, yana yin sababbi. A 2022 masana a Kanada sun fitar da sakamakon awon mutum 14 da suka zauna tashar. Sun ga nasu jikin yana kashe miliyan 3.

Sojojin jiki. Fararen ƙwayoyin jini su ke yaƙi da cuta. A 1983 masana daga Suwis sun aika da irinsu sama cikin kwalabe. Aka sa musu abin da ke tashinsu yaƙi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin tashinsu ya ɓace. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, ƙwayar cutar tana nan kwance a jikinsa, sojoji na tsaronta. A sama an ga tana farkawa a jikin wasu matafiya. Rashin barci da damuwa su ma suna da hannu.

Shi ya sa mazauna tashar suke motsa jiki wajen awa 2 kowace rana.

Ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. Doguwar kwanciya ita ma tana hana ƙashi da tsoka ɗaukar nauyi. A birnin Tuluz na Faransa an kwantar da lafiyayyun mutane kwana 60 don gwaji. Ƙashinsu da tsokarsu suka ragu kamar na ƴan sama.

Saboda haka, in tsoho ko majiyyaci ya dawo daga asibitin Galmi, ko daga likitar Illela ko Malbaza, kada a bar shi kan tabarma dare da rana. A tambayi ma'aikacin lafiya ranar da ya dace ya fara motsi. In ya yarda, a zaunar da shi, a riƙe shi ya tsaya, ya taka tsakar gida kaɗan-kaɗan. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi, ana lanƙwasa masa hannu da ƙafa. Mai karaya kuwa, sai abin da lokotoro ya ce.

Ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba. Allah ya ƙara mana lafiya.