Tarin da ke Huda Huhu

Manoma, hunturu ya kama. Masu ban ruwa a lambunan Jiratawa da fadamar Tibiri, ku saurara. Mura mai zafi, ƙyanda da cutar korona ta 2020 kan raunana huhu. Wani sa'in tari ya huda shi, iska ta taru cikin ƙirji, huhun ya saɓe kamar tayar keke da ƙaya ta soka.

Alamarsa ita ce suka farat ɗaya a gefe guda na ƙirji, numfashi na sarƙewa. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho. A kai majinyaci babban asibitin Maraɗi ranar nan. Likita zai ɗauki hoton ƙirji, ya sa bututu ya fidda iskar.

Yaro ya kai wata 9, a yi masa allurar ƙyanda.