Jinin Karen da Ke Kwana Cikin Dusar Ƙanƙara

A Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, da Girinland da arewacin Sibiriya, akwai karnukan da aikinsu jan amalanke marar taya a kan ƙanƙara. Waje suke kwana, ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Karen zai tona ɗan rami, ya dunƙule, ya cusa hanci ƙarƙashin jela, ya yi barcinsa. Da asuba ya tashi ya kakkaɓe jiki, zafin jikinsa na nan tsakanin digiri 38 da 39. Mu da hunturun Disamba kan sa mu zagaye wuta, abin da za mu fara zato shi ne jinin irin wannan dabba yakan yi kauri saboda sanyi. Ba haka abin yake ba.

A fara da ƙafa, domin ita ce ke taka ƙanƙarar. A cikin dagin kare, jijiyoyin da ke kawo jini mai ɗumi daga zuciya suna manne da waɗanda ke mayar da jinin da ya huce. Mai sauka yana ba mai hawa ɗuminsa a hanya, don haka jinin da ya taɓa ƙanƙara ba ya komawa ƙirji da sanyinsa. Masana a Japan sun bayyana wannan tsari a ƙafar kare a 2011. Tun kafin nan, gwaje-gwaje a kan kyarkeci da dilan ƙanƙara sun nuna cewa dabbar kan riƙe tafin ƙafarta dab da digiri sifili: ba ɗumin da za a yi asararsa, ba kuma sanyin da zai kashe nama. Jijiyoyin su tsuke, su saki, gwargwadon buƙata, kamar mai ban ruwa a fadama yana buɗe kwari yana toshewa.

Abin da ya fi taɓa jinin shi ne aikin da lokacin sanyi ke zuwa da shi. Tun 1973 ake tseren karnuka na Iditarod a Alaska a watan Maris, tafiyar kimanin kilomita 1,600 da ke ƙarewa a garin Nome. A irin wannan tsere, karen da bai wuce kilo 25 ba yakan ƙone sama da kalori 10,000 a yini guda, wato abincin ƙarti huɗu. Yawancin wannan ƙarfi daga kitse yake fitowa, kuma jini ne ke dakonsa zuwa tsoka dare da rana. Likitocin dabbobi da suka ɗebi jinin karnukan kafin horo, bayan horo da bayan tsere sun ga kason jajayen ƙwayoyin jini yana raguwa. Dalili guda shi ne ruwan jinin yana ƙaruwa, sai ya tsinke, ya fi saurin gudu a jijiya. Wannan ba ciwo ba ne, haka jikin ’yan gudun yada-ƙanin-wani yake yi. Ɗaya dalilin kuwa abin damuwa ne: gyambon ciki ya yawaita a karnukan tsere, jini kan riƙa tsiyaya a ciki ba a gani. Shi ya sa masu karnuka da yawa suke ba su maganin rage tsamin ciki a kwanakin tsere. A ganina nan ne ya kamata masu yabon juriyar karen su sassauta murya, domin sanyin bai huda masa ciki ba, gasar mutane ce ta yi.

Sai ƙishirwa. Iskar can busasshiya ce, irin wadda ke tsattsaga mana leɓe da hunturu, sai dai ta ninka. Kare yana haki, kowane numfashi na fita da ruwa, ga shi duk ruwan da ke kewaye ya daskare. Dole mai karnuka ya narka ƙanƙara a tukunya, ya zuba nama ko kifi, ya yi musu romo mai ɗumi don su yarda su sha. Yawan shiga da fitar ruwan nan kan rage gishirin da ke cikin jini, abin da aka sha aunawa a karnukan dogon zango. Har ila yau, kare mai gudu ya fi tsoron zafi a kan sanyi, don haka ake hutar da su da tsakar rana, a yi tafiya da dare.

Dogon duhun lokacin sanyi, da ke rage wa mutanen can bitamin D, bai cika damun kare ba, domin fatarsa dama ba ta sarrafa shi daga hasken rana yadda tamu ke yi. Daga kifi da hanta yake samunsa.

Kafin a bar kare ya shiga Iditarod sai an gwada jininsa, an auna bugun zuciyarsa. A zangon hanya kuma likita kan ɗaga leɓen karen ya danna dasashi da yatsa, ya ga ko ja zai dawo cikin daƙiƙa biyu. In ya yi jinkiri, ko dasashin ya yi fari, sai a kwance shi daga igiya a sa shi a jirgin sama.