Tashar nukiliya ta Juragua: aikin da ya tsaya a hanya

Kun san uraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Da shi tashar nukiliya take aiki: yana ba da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin da ke samar da wutar lantarki.

Ƙasar Kuba ta so ta mallaki irin wannan tasha, domin ta rage dogaro da man fetur na waje. A 1976 ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet. A 1983 aka soma gini a Juragua, kusa da birnin Cienfuegos. An tsara tukwanen nukiliya biyu, kowace mai ƙarfin megawat 440. Har gari guda aka gina wa ma'aikata.

Amma yawancin kuɗi da kayan aiki daga Tarayyar Sobiyet suke zuwa. Da ta rushe a 1991, sai taimako ya yanke. A 1992 shugaba Fidel Castro ya dakatar da aikin, a 2000 kuma aka haƙura da shi gaba ɗaya. Tashar ba ta taɓa kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Saboda haka, kafin ku soma babban aiki a garinku, rijiya ce ko makaranta, ku tambaya tun farko: in mai taimako ya janye, wa zai ƙarasa?