Manhajar Kwamfuta Wadda Ba Ta Tsufa

Ran 14 ga Oktoba, 1a shekarar 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Kwamfutoci da dama na hannu, irin waɗanda ake ciniki a Computer Village ta Ikeja, ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, alhali kuwa ƙalau suke aiki. Mai irin wannan na'ura yana da mafita a Linux, wato manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Kowa na da izinin duba cikinta, ya gyara, ya raba, ba ko kwabo.

To, Linux iri-iri ce. Ubuntu takan fitar da zubi mai dogon zango duk bayan shekara 2, a kula da shi shekara 5. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da zubi: sau ɗaya ake ɗora su, sabbin gyare-gyare su riƙa kwararowa kusan kullum. Fitacciya a cikinsu ita ce Arch Linux, wadda Judd Vinet, mutumin Kanada, ya kafa a 2002. Da umurni guda, pacman -Syu, kome na cikin na'urar zai koma sabo fil.

Sai dai abin yana da tsadarsa. Kowane gyara data yake ci. Wani lokaci kuma sabon gyara yakan saɓa da injin buga takarda, ga masu jiran aiki sun cika benci. Mafi muni shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, don kwamfutar tebur ba ta da batir, tana iya ƙin tashi ƙememe. Masu Arch ma sukan yi shela cewa wani gyaran sai mai na'ura ya sa hannunsa, wanda bai karanta ba kuwa ya sha wuya.

Ga mai shagon buga takardu a Agege ko Sabon Ibadan, openSUSE Tumbleweed ta fi dacewa. Sai an gwada kowane gyara da openQA kafin a sake shi, kuma tana adana hoton yadda na'urar take kafin sabuntawa. In abu ya ɓaci, sai a sake kunna ta, a zaɓi hoton jiya, a ci gaba da aiki.