Na Kusa Da Sarki Da Dukiyar Jama'a

Jama'a, duk mai zama a Mont-Bouët ya san cewa a ƙasar nan ba minista kaɗai ke da faɗa a ji ba. Sau da dama wanda ke riƙe da ƙofar ofishin shugaban ƙasa ya fi minista ƙarfi, alhali ba wanda ya zaɓe shi.

A 2017 Ali Bongo ya naɗa Brice Laccruche Alihanga shugaban ma'aikatan fadarsa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shugaban a Saudiyya cikin Oktoban 2018, sai al'amura da yawa suka koma hannun Laccruche. Yana riƙe da ofis, ga kuma ƙungiyarsa ta matasa, AJEV, wadda mutanenta suka yi ta samun manyan muƙamai. Nan gizo ke saƙar, domin mai naɗa abokinsa kan baitulmali ba zai bincike shi ba.

Cikin Disambar 2019 aka kama shi a binciken da aka laƙaba wa suna Scorpion, wato kunama. An kama Patrichi Tanasa ma, shugaban kamfanin mai na gwamnati, Gabon Oil Company, wanda kotu ta yanke wa shekara 12 a 2022. A watan da aka kama Laccruche aka ba Noureddin, ɗan shugaban ƙasa, muƙamin mai kula da harkokin fada. Bayan juyin mulkin 30 ga Agustan 2023 shi ma aka tsare shi, talabijin ta nuna akwatunan kuɗin da aka ce an samo a gidajen muƙarrabansa. A Nuwamban 2025 kotu ta yanke masa shekara 20, shi da mahaifiyarsa Sylvia, a bayan idonsu. Su dai sun musanta zargin.

Abin lura shi ne, ba a taɓa ɗayansu ba sai da ya faɗi. Binciken da ke jiran faɗuwar mutum kuwa ba ya hana sata, sai dai ya ƙirga ta.

Saboda haka, 'yan'uwa 'yan kasuwa, kada mu ara wa wani babba sunanmu ko shagonmu ya ɓoye dukiya. Kowace kwangila ta zama da takarda, haraji kuma da rasit. Ranar da ubangida ya faɗi, yaransa ake fara kwashewa. Allah Ya kyauta.