Kamfanin BCNN na Kaduna: Kafuwarsa da Rushewarsa

A shekarar 1962 ne gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewacin Nijeriya, wato BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Shi ne mamallakin Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna.

Abin lura shi ne, sauyin tsarin mulki ne ya kawo ƙarshensa. Da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, gwamnatin da ta haife shi ta gushe, sai ya zama tamkar dukiyar gado a hannun hukumar haɗin gwiwa ta jihohin. A 1976 gwamnatin soja ta karɓe gidajen talabijin na ƙasar, Doka ta 24 ta 1977 ta kafa NTA. Sashen rediyo kuwa ya koma ƙarƙashin FRCN a 1978.