Gidan Harsashi: Nawa Ya Isa, Kuma Ina Haɗarin Yake?

A Amurka, wanda ya sayi sabuwar ƙaramar bindiga yakan tarar da gidan harsashi biyu ko uku a cikin akwatinta. Kafin ya bar kantin, mai sayarwa ya riga ya raɗa masa cewa waɗannan ba za su ishe shi ba. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin ma'abota bindiga: wani ya ce uku sun wadatar, wani ya ce shida, wani kuma ya rantse cewa duk wanda bai tara goma ba wasa yake yi. Mai karatu zai ce ina ruwanmu da gardamar mutanen da tsarin mulkinsu ya ba su damar riƙe makami? Ruwanmu shi ne muna da 'yan'uwa a can, a unguwar Bronx ta birnin New York, da Maryland, da Texas, wasu direbobi, wasu ma'aikatan asibiti, wasu ɗalibai. Ga kuma bidiyon waɗannan ma'abota bindiga yana yawo a wayoyin samarinmu, suna kallo suna sha'awa, ba wanda ya gaya musu abin da aka bari ba a faɗa ba.

Gidan harsashi ɗan dogon akwati ne na ƙarfe ko na roba mai tauri, wanda ake zura shi ta ƙasan mariƙin bindiga. A cikinsa akwai sifirin, a kan sifirin akwai ɗan faranti da harsasai ke zama a kai, a saman akwatin kuma akwai leɓɓa biyu da ke riƙe harsashin sama har lokacin da bindiga za ta ɗauke shi. Shi ke nan. Bindigar Glock 17, ƙirar Ostiriya, gidanta na ɗaukar harsashi 17. Ƙanwarta Glock 19 na ɗaukar 15. Tsohuwar bindigar sojan Amurka ta 1911 kuwa bakwai take ci. Ƙaramin abu ne, mai arha idan aka kwatanta da bindigar kanta, amma masu gyaran bindiga sun daɗe suna cewa idan irin wannan bindiga ta ƙi tashi, a fara tuhumar gidan harsashi kafin a tuhumi komai.

To, tsawon wane lokaci yake yi? Ba ya da ranar lalacewa kamar magani. Abin da ke cinye shi aiki ne da wulaƙanci. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan aka cika shi aka ajiye, sifirin ɗin zai gaji ya mutu. Masana ƙarfe ba su yarda da haka ba. Sifirin mai kyau, matuƙar ba a matse shi fiye da ƙimarsa ba, yana iya zama a danne shekara da shekaru bai rasa ƙarfinsa ba. Abin da ke gajiyar da shi shi ne dannewa da saki, dannewa da saki, sau dubbai. Wanda kullum yake cikawa yana zazzagewa wai don sifirin ya huta, shi ne ke gaggauta mutuwarsa. Leɓɓan sama kuwa faɗuwa ce ke kashe su. Masu koyon harbi sukan saki gidan da ya ƙare ya faɗi ƙasa, idan kan siminti ne, wata rana leɓen zai buɗe ko ya tsage, harsashi ya daina hawa daidai. Sai tsatsa a wuri mai laima, sai ƙura. Sojojin Amurka sun ɗanɗani wannan a Iraƙi: gidajen harsashin bindigarsu Beretta M9 an yi musu wani shafe mai kaushi a ciki, yashi ya riƙa maƙalewa, bindiga ta riƙa cijewa, har sai da aka canza irin shafen. Saboda haka ne masu harbi da gaske suke rubuta lamba a ƙasan kowane gida, wanda ya fara ba da matsala su san shi, su canza masa sifirin ko su fasa shi su jefar. Ba a gyara leɓen da ya buɗe da filaya a ce an gama.

Batun nawa ya isa kuwa, amsar gaskiya ba ta da daɗin ji ga mai kanti. Wanda ya ajiye bindiga a gida bisa doka, yana zuwa filin koyon harbi jefi-jefi, waɗanda suka zo da bindigar da ƙarin ɗaya ko biyu sun ishe shi shekaru. Mai shiga gasar harbi ko mai zuwa kwas yana buƙatar fiye da haka, domin nasa suna shan faɗuwa, kuma ba ya son ɓata lokaci wajen cikawa. Sauran tarin da ake yi, tsoro ne ya haife shi, kuma tsoron yana da tarihi.

A watan Satumba na 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta hana ƙera wa farar hula sabon gidan da ke ɗaukar fiye da harsashi 10. Waɗanda aka riga aka ƙera kafin ranar ba a taɓa su ba, sai farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Dokar ta yi shekara goma, ta mutu a 2004 saboda majalisa ba ta sabunta ta ba. Amma darasin ya zauna a zukatan ma'abota bindiga: saya yau, gobe ana iya hanawa. Tun daga nan, duk lokacin da aka yi wani mummunan harbi ko zaɓe ya matso, sai a yi rububi a kantuna. An ga ƙarshen abin a California a 2019. Ranar 29 ga Maris wani alƙalin tarayya mai suna Roger Benitez ya soke haramcin da jihar ta sa wa manyan gidajen harsashi, kafin a dakatar da hukuncin nasa bayan mako guda, mutane sun saye manyan gidajen harsashi kamar ana rabon kyauta. An yi ta shari'a har zuwa Maris na 2025, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haramcin.

Me ya sa hukuma ta damu da wannan ɗan akwati haka? Ranar 8 ga Janairu 2011, a birnin Tucson na jihar Arizona, wani matashi ya buɗe wuta a taron 'yar majalisa Gabrielle Giffords da Glock 19 mai dogon gida na harsashi 33. Ya kashe mutum shida, cikinsu har da alƙalin tarayya da yarinya 'yar shekara tara, ya raunata 13. Ba a iya kama shi ba sai da harsashi ya ƙare ya tsaya canza gida; nan mutane suka danne shi, wata dattijuwa ta fizge sabon gidan. Masu son a taƙaita girman gida suna cewa da goma ne a ciki, da wannan tsayawar ta zo da wuri. Masu adawa kuma suna nuna harin jami'ar Virginia Tech na 2007, inda aka kashe mutum 32 da ƙananan bindigogi biyu. Maharin ya zo da tarin gidaje masu cin 10 da 15, kuma kwamitin binciken ya ce taƙaita girman da bai canza abu mai yawa ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Ni dai a ganina, 'yan daƙiƙun da mahari zai tsaya canza gida ba abin rainawa ba ne ga wanda ke neman ƙofar gudu.

Wannan gardama ta bar Amurka da dokoki kala-kala, kuma nan ne tarko na farko ga baƙo. A Texas da Pennsylvania babu iyaka. A New York, New Jersey, California, Connecticut da Massachusetts iyakar 10 ce. Colorado ta tsaya a 15 tun 2013, Illinois da Vermont sun bar 15 ga ƙaramar bindiga, Delaware 17. Ma'ana, gidan da ya zo da Glock 17 a cikin akwatinsa daga kamfani, halal ne a Philadelphia, amma direba ya tsallaka gadar kogin Delaware zuwa New Jersey da shi a mota, ya zama mai laifi, ko da babu harsashi ko ɗaya a ciki. Ɗan sanda ba zai saurari "ban sani ba" ba. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa abin ya fi muni. Dokar tarayya ta hana mai bizar zama na ɗan lokaci, irin ta ɗalibi ko ta ziyara, riƙe bindiga ko harsashi, in ban da 'yan keɓantattun hali kamar mai lasisin farauta. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa zuwa gida. Shekarun da mutum ya yi yana tara takardu sai su tafi a banza saboda ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu biyu ba.

Tarko na biyu ya fi na farko, domin shi rai yake ci, kuma bai san iyakar ƙasa ba. Cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Da zarar an ɗana ta, harsashi ɗaya ya riga ya bar gida ya shiga makwancinsa a gindin bututu. A zare gidan a ajiye a kan tebur, wannan ɗayan yana nan yana jira, kuma a yawancin bindigogi, ciki har da Glock, idan aka taɓa kunama zai tashi. Labarin kullum iri ɗaya ne: saurayi ya zare gida a gaban abokinsa, ya ce ka ga babu komai, ya nuna shi da wasa, ya danna. Ko mai bindiga ya zauna goge ta. Ko yaro ya tsince ta a aljihun tebur, uban yana da tabbacin ai ya cire gidan. Tun a 1991 ofishin binciken kuɗi da ayyuka na majalisar Amurka ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen harbin kuskure da ya duba, da an kauce musu in da bindigogin na da alamar da ke nuna akwai harsashi a ciki da kuma abin da ke hana yaro harbawa. Wasu bindigogi, kamar tsohuwar Browning Hi-Power, an ƙera su yadda ba sa tashi idan babu gida, California ma ta wajabta haka ga sababbin samfura, amma ido ba ya bambance wace ce wace. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Muna da 'yan sanda da sojoji da sauran jami'ai da ke shiga gida da makamin aiki, muna da yara masu ƙiriniya da matasa masu son ɗaukar hoto. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin ɗananniya, kada a nuna ta ga abin da ba a yi niyyar hallakawa ba, yatsa kuma ya yi nesa da kunama.

Masu lissafin gida nawa za a tara ba kasafai suke kawo wani lissafin ba. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. Wanda ya kashe kansa harsashi ɗaya ya yi amfani da shi. Kuɗin da za a zuba a gida na bakwai da na takwas, da an sayi akwatin ƙarfe mai kulle da shi, aka ajiye bindiga daban harsashi daban, da ya fi amfani ga iyali.

Sai tafiya. A 2023 jami'an tsaron filayen jiragen saman Amurka sun kama bindiga 6,737 a wurin binciken jakar hannu, kashi 93 cikin ɗari da harsashi a ciki, kuma abin da yawanci ke cewa shi ne mantuwa. Gidan harsashi, ko da fanko, ba ya shiga jakar hannu. A 2024 an kama wasu Amurkawa masu yawon buɗe ido a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan da suka saura a ƙasan jakunkunansu, suka fuskanci dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 12. Sun sha da ƙyar bayan zaman fargaba da biyan tara. Wanda ya tara gidaje da yawa shi ne ya fi saurin mance inda ɗaya ya shige.

A Najeriya kuma maganar a taƙaice take. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi, wato fistol da libarba, cikin haramtattun makamai, sahu ɗaya da bindigogin yaƙi, waɗanda ba mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa. Lasisin bindigar farauta da 'yan sanda ke bayarwa bai shafe su ba. Harsashi ma sai da izini. Wanda aka kama da makami ba bisa ƙa'ida ba yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara goma ko fiye, kuma a wannan zamani na 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, jami'in da ya ga gidan harsashi a jakarka ba tunanin kayan gyara zai yi ba. Fitar da shi daga Amurka ba lasisi shi ma laifi ne a can.

Don haka ɗan'uwa da ke shirin zuwa gida hutu, zazzage jakarka kaf, har aljihunan ciki, kafin ka zuba tsaraba. Jakar da ta taɓa zuwa filin harbi ma bar ta a can. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na wane ne. Kai kuma da ke nan gida, idan ka tsinci gidan harsashi a gona ko a bakin hanya, kada ka kai ɗaki, kada ka bari yara su yi wasa da shi. Sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, su zo su ɗauka.